Baƙin Takin da Ka Raba, Malam Hudu

Ranar Talata, 27 ga Mayu, 2025, wadda ta yi daidai da 29 ga Zulƙida, ina zaune a kan benci a ƙofar wani ofis cikin garin Dutsin-Ma, ina jiran mai ofishin da tun ƙarfe tara ake ce mini yana kan hanya. Wajen sha ɗaya da rabi wayata ta yi ƙara. Almu ne, maƙwabcinka na Unguwar Marke. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Malam Rabe, Malam Hudu ya hwaɗi a gona." Na miƙe tsaye, na ce maza a ɗora ka a babur, zan tare ku a asibiti. Sai ya ce, "Ba asibiti za a kai shi ba, Malam. Ka taho, bayan La'asar za a yi sutura."

Ni da furfurata, a gaban mutane, na ce masa ƙarya yake yi. Allah Ya yafe mini. Sai da wani bawan Allah da ke zaune kusa da ni ya kama hannuna ya zaunar da ni, yana ta maimaita mini cewa na Allah muke kuma gare Shi za mu koma, sannan bakina ya iya bin nasa. Yau kwana tara ke nan, kuma ban gama yarda ba, Hudu. Ranar Lahadi na baro ka tsaye da shebur a hannu, kana yi mini dariya kana cewa gwiwata ta 'yan ofis ce, ta saba da kujera. Mutumin da ya yi wannan dariyar ne aka ce ranar Talata babu shi.

Da yawa cikin masu karanta wannan ba su san ka ba, don ba ka taɓa riƙe sarauta ba, ba ka taɓa tsayawa takara ba, sunanka bai wuce Wurma da Kurfi da kasuwar Dutsin-Ma ba. Bari in gaya musu. Malam Hudu manomi ne a Unguwar Marke, wani ɗan ƙauye mai gidaje kamar arba'in a yankin Wurma. Taubashina ne, mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce. Ya girme ni da damina biyu, kuma bai taɓa bari na manta da haka ba. Tare muka yi kiwon awaki. Ni aka sa ni boko na zama malamin gona, na yi shekara talatin da biyar ina yawo a ƙauyuka ina gaya wa manoma yadda za su yi noma, shi kuwa ya zauna yana noman. Ranar da na fara dawowa gida da wandon kaki da biro a aljihu, ya kama tafin hannuna ya buɗe shi a gaban jama'a, ya ce su zo su ga malamin gonar da ba shi da kanta ko ɗaya. Tun daga ranar sunana a bakinsa Mai Taushin Hannu, har muka tsufa.

Ban san jaki nawa ka yi a rayuwarka ba, Hudu, amma ban san ko ɗaya da ya zama naka kai kaɗai ba. Mai ɗebo ruwa ya zo ya kwance, mai kai hatsi niƙa ya zo ya kwance, wani lokaci kai da kanka sai ka bi gida-gida kana tambayar wa ya ga jakinka. Idan rani ya yi, lokacin kai taki gona, kowa ya san tsarinka. Gonakin matan da mazansu suka rasu ne farko, sai na tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi ci-rani, taka ce ta ƙarshe. Matarka Sakinatu ta sha kawo mini ƙararka, tana cewa gonarku ce kullum marainiyar gari. In na yi maka magana sai ka ce ai gonar ba ta kawo ƙara da bakinta ba.

Ban manta daminar da matata Murja ta yi wata uku a kwance a asibitin Katsina ba. Na shuka gero na tafi jinya, ban ƙara tunawa ina da gona ba sai da aka sallame mu. Na je ina shirin ganin ciyawa ta kai ƙugu, sai na tarar an yi noman farko, an yi maimai, gero ya fid da kai ya yi shar. Na same ka a gindin marke na tambaye ka wa ya yi wannan aiki. Ko kallona ba ka yi ba, ka ce aljanu ne, sun ji kunyar a ce gonar malamin gona ce ta fi ta kowa lalacewa. Har ka bar duniya ba ka bari na yi maka godiyar wannan ba.

Da a nan zan tsaya, da na rubuta ta'aziyya irin wadda aka saba, in jera alherinka in yi addu'a in rufe. Na kasa. Ta kan wannan alherin naka aka bi aka cuce mu, kuma da hannuna a ciki. Idan ban faɗa ba, babu wanda zai faɗa.

Tun da daji ya lalace shanu suka yi ƙaranci a yankinmu. Fulanin da kan sauka a gonaki bayan kaka su bar mana taki sun daina zuwa, takin zamani kuwa ya fi ƙarfin talaka. Sai mutane suka ƙara raja'a ga abin da iyayenmu suka saba, wato sharar gari: tsohon juji da ya sha toka da kashin dabbobi ya ruɓe ya yi baƙi. Shi ma sai mai hali, don ɗauko shi daga gari aiki ne. A watan Janairun bana wani direban tifa ya tare ka a kasuwa, ya ce akwai wani wuri a bayan gari da ke son a kwashe masa shara, kyauta, har ƙofar gona za a kawo, ko na mai ba sa nema. An ce masa in ana son abu ya kai ga kowa a Unguwar Marke, a hannunka za a sa shi. Ba ka yi gaggawa ba. Ka ce a kawo tifa ɗaya tukuna, sannan ka yi abin da mai hankali zai yi, ka aika a kira malamin gona.

Na zo na tarar an juye shi a bakin gari. Baƙi ne wuluk, mai laushi, da 'yan ƙwayoyi masu ɗan ƙyalli a ciki. Na yi abin da muka saba yi tun muna yara, wanda kuma na yi sau dubu a bakin aiki. Na ɗebi cikin hannu na matse, na murje, na kai hanci. Ba wari, ba ɗanyen abu, sai ƙamshin toka. Ka tsaya kana kallona, ka ce, "Rabe, ni nauyin abin ga ne bai kwanta mani ba. Rabin mangala na ɗora, jakina yana nishi." Na yi dariya. Na ce maka haka tsohon juji yake in ya daɗe ya zauna, nauyinsa shi ne ƙarfinsa, wanda ya samu wannan bana sai ya ƙara rumbu. Na ce ka karɓa, Allah ne Ya kawo. Ban tambayi daga wane gida sharar ta fito ba. Tambaya ɗaya ce, ko yaro zai iya yin ta, kuma ban yi ba.

Tifa goma sha ɗaya suka kawo. Ka raba shi yadda ka saba, marasa ƙarfi farko, kana kai wa kowa gonarsa kana zubawa tsibi-tsibi, a jira ruwa ya sauka sannan a baza. Tifa biyun ƙarshe ka sa aka juye su wuri ɗaya a gonar Kyauta, matar marigayi ƙanenka, don gonarta fako ce da ta fi ta kowa gajiya, ka ce sai ka huta za ka rarraba mata. Gonar tana kan gangare, a saman tafkin da garin ke sha, mutane da dabbobi, tun daga farkon damina har tsakiyar rani. A masallaci aka yi wa mai sharar addu'a. Dattawa suka haɗa zabbi biyu da kwandon gyaɗa aka ba direba ya kai masa. Mun yi masa godiya, Hudu.

Mata kuma suka lura ƙwayoyin nan suna da tauri kamar burji. Suka riƙa tankaɗewa suna kaiwa gida suna yin daɓe da shi, ɗakuna suka yi santsi suna ƙyalli, wadda ba ta samu ba tana jin an bar ta a baya. Har ɗakin Sakinatu aka yi, inda jikarka Mardiya, 'yar shekara biyu da rabi, take wuni tana wasa a ƙasa tana kai hannu baki.

Da dabbobi aka fara. San huɗar Almu ya riƙa lasar tsibin takin a gona, sai ya makance, ya riƙa kafa kansa a jikin katanga yana kumfa, kwana uku ya mutu. Awaki suka bi, kaji suka bi. Aka tambaye ni, na ce annobar dabbobi ce ta lokacin zafi. Da azumi ya shigo sai abin ya koma kan yara: amai, ciwon ciki, kuka ba dalili, daga nan sai jijjiga. A cikin mako ɗaya aka binne yara biyu, na gidan Liman da na gidan maƙeri. Kowa ya ce sanƙarau ne, don lokacinsa ne. Ranar ashirin ga azumi Mardiya ta sandare a hannun kakarta, ka ɗauko ta zuwa Dutsin-Ma, ka biyo ta gidana muka tafi tare.

Allah Ya haɗa mu da Sista Mabel, ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar Binuwai da ta fi shekara goma a garin nan. Kafin ta zo nan ta yi aiki a Zamfara a shekarun da gubar dalma ta kashe yara a ƙauyukan masu haƙar zinare, don haka idonta ya taɓa ganin irin wannan. Bayan an samu yarinyar ta lafa, ta kira mu gefe.

"Baba, ana niƙa dutsen zinare a garinku?"

Ka ce a'a.

"Ana fasa tsohon batir?"

Ka ce garin da ko fitilar lantarki babu, ina za a ga batir.

"To wane sabon abu ne ya shiga gidajenku bana, wanda bara babu shi?"

Sai ka juyo a hankali ka dube ni. Ba ka taɓa cewa komai ba a kan wannan har ka rasu, amma kallon nan yana nan tare da ni. Ta sa aka ɗebi jinin Mardiya da na wasu yara, aka ɓanɓaro ɗan daɓen ɗakin Sakinatu, aka aika gwaji. Bayan Ƙaramar Sallah sakamako ya dawo. Dalma ce, a jinin yara da cikin daɓen da cikin takin duka.

Muka bi sawu har muka gano inda sharar ta fito. Wani fili ne mai katanga a bayan gari, inda ake tara tsofaffin batiran mota da na sola, a farfasa, a narkar da dalmar a zuba ta sanda-sanda a loda a mota a yi gaba da ita. Toka da gurɓin da suka rage su ne aka gauraya da sharar gari aka kawo mana. Wani da ya taɓa aiki a wurin ya gaya mana abin da ya fi tayar mini da hankali. Ashe da farko a wani fili kusa da unguwar masu hali suka fara zubarwa. Waya ɗaya wani babba ya buga, cikin kwana biyu aka sa su kwashe har da share wurin. Daga nan suka zauna suka yi tunanin mutanen da ba su da lambar kowa, waɗanda in an kai musu ma za su yi murna. Mai wurin ba wanda ya taɓa ganinsa, an ce a wani babban birni yake zaune, kuma na tabbata 'ya'yansa ba su taɓa taka irin wannan ƙasa ba. Da muka koma karo na biyu mun tarar da kwaɗo a ƙofa, an kwashe komai. Ban san bayan wane gari suka koma ba, ban san kuma wane manomi ne yanzu yake yi musu godiya ba.

Muka shiga bin ofisoshi. Nan a ce mu rubuto takarda, mu rubuto a ce ba nan ya kamata a kai ba, can a ce za a turo mutane su duba, can kuma a ce sai an kafa kwamiti. Ba wanda ya yi mana tsawa, kowa da fara'arsa, har ruwa wani ya ba mu. Sista Mabel kuwa ta riga ta gaya mana gaskiya ba rufa-rufa: in ruwan sama ya sauka a kan takin nan zai shiga ƙasa, ya shiga tafki, daga nan babu mai iya tsince shi. Sau biyu ka raka ni zaman benci. A na uku ka ce, "Rabe, kai ka iya wanga zama, ka ci gaba da shi. Ni na raba abin ga gida-gida, ni zan bi in kwaso shi gida-gida tun ruwa bai sauka ba."

Aka ce sai an binne shi a tudu, nesa da ruwa. Ba ka nemi filin kowa ba. Gonarka ta tudu, wadda ka gada daga mahaifinka, wadda ka sha gaya mini ko yunwa za ta kashe ka ba za ka sayar ba, ita ka haƙa wa rami a tsakiya, ka shafe shi da laka, ka san kuma daga ranar ba za a ƙara cin abin da ta haifa ba. Da ɗakuna ka fara, inda yara ke rarrafe. Ka shiga da diga kana farfasa daɓen da mata suka sha wahalar yi, wasu suna kuka wasu suna zaginka ta bayan zana. Maza ma ba duka suka ba ka haɗin kai ba. Akwai wanda ya tare ka a bakin gonarsa ya ce, ka ba shi taki kyauta, yanzu ka ga yana da kyau za ka kwashe ka kai taka. Ba ka yi fushi ba. Ka koma gida ka share garken awakinka kaf, ka kai masa a madadin wancan, sannan ya ba ka hanya.

Makon farko samari sun fito da yawa. Da labari ya bazu cewa ƙurar abin ma tana shiga jini, sai iyaye suka riƙa janye 'ya'yansu, ban kuma ga laifinsu ba. Ka rage kai da Almu, sai ni da nake zuwa ranakun da ba na bin ofis, ina ɗaga shebur biyar ina hutawa. An ce a riƙa yayyafa ruwa kafin a taɓa, to ina ruwan, tafki ya ƙafe, rijiya ɗaya ce mata ke layi a kai tun asuba. An ba ka takunkumi, zafin watan Afrilu ya sa kana sauke shi a haɓa kana cewa numfashinka yake tsarewa. Ina gani ka fara ramewa. Ciwon ciki kan tanƙwara ka a tsakiyar gona sai ka durƙusa ka jira ya wuce. Hannunka na dama ya fara saki, har moɗa ta riƙa suɓuce maka, ka koma ɗaure shebur a wuyan hannu da tsumma. Ina ganin duk wannan, amma zuciyata ba ta taɓa kawo mini mutuwa ba. Kai ne fa, Hudu, wanda ban taɓa gani a kwance da rana ba.

Wata Lahadi Sista Mabel ta taso daga coci ta hau babur ɗin haya da kanta ta zo har gona. Ta gwada jininka, ta dubi hannun, ta ce, "Baba, na roƙe ka ka daina. In ba ka daina ba aikin nan zai kashe ka." Ka yi murmushi ka ce, "Ɗiyata, mi ya rage? In na gama ki kwantar da ni a asibitinku har ki gaji da ganina." Ta juyo gare ni ta ce in yi maka magana tunda kana jin maganata. Na yi, amma da rabin baki, don ni ma so nake a gama.

Akwai kuma laifina na biyu da zan faɗa. A farkon watan Mayu ka tsaya tsakanin abu biyu. Ga sauran tsibi a gonakin da ke jikin gidaje, inda yara da kaji ke zuwa, ga kuma tulin gonar Kyauta a saman tafki. Ranka ya fi karkata ga tulin. Ka tambaye ni yaushe nake ganin ruwa zai sauka. Na dubi sama, na tuna daminun da na sani, na ce maka ruwan kirki ba zai zo ba sai bayan Babbar Sallah, ka gama da na kusa da gidaje tukuna, akwai lokaci. Ka ce, "To, na ƙara yarda da kai, Mai Taushin Hannu." Da dariya ka faɗa. Sai mako na ƙarshe ka kai ga tulin.

Almu ne ya ba ni labarin safiyar Talata. Ya ce bayan asuba ka fita, shi kuma ya tsaya gyaran danga. Yana hango ka ka kai kaya sau uku zuwa ramin tudu. Daga nan ya ga jakinka tsaye wuri ɗaya da mangala a bayansa, rana tana ta yi, bai motsa ba. Ya ƙwala maka kira ba amsa. Da ya isa ya tarar da kai a durƙushe, goshinka a kan tulin, shebur ɗaure a hannunka. Sai da suka kwance tsumman sannan suka iya ɗaukar ka. Abin da ya rage na tulin bai kai tifa ɗaya ba. Aikin kwana huɗu ne ko biyar.

Bayan La'asar muka sallace ka. Zafi ranar ya kai inda ya kai, ko ganye ba ya motsi. Muna cikin jera itace a kabarinka sai iska ta taso daga gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci. Ana zuba ƙasar ƙarshe yayyafi ya fara. Jama'a suka ɗauki kabbara. Na ji dattawa suna cewa rahama ce, Malam Hudu ya yi kyakkyawan ƙarshe, ga ruwan farko ya sauka a kan kabarinsa. Liman ya ɗaga hannu yana hawaye. Ni kuwa na ɗaga ido sai muka haɗa ido da Almu, na ga fuskarsa ta canza, na san abin da ya tuna shi na tuna.

Ba mu jira an shafa fatiha ba. Muka fizgi shebur da fatanyun da aka haƙa kabarinka da su muka nufi gonar Kyauta da gudu, ni da gwiwar da kake yi wa dariya. Wasu suka biyo mu ba su san dalili ba, sai a hanya suka gane. Kafin mu isa ruwan ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka shiga tayar da kunya a ƙasan tulin don mu karkatar da ruwan, muna tarawa yana rushewa. Ka fi ni sanin fako, ruwan farko ba ya shiga cikinsa, bi ta kai yake yi ya wuce. Ina tsaye ina kallon baƙin ruwa yana bi ta tsakanin ƙafafuna, yana gangarawa kwari, yana shiga tafki. Kyauta ta zo ta tsaya a bakin gonarta ba mayafi, hannu biyu a ka, ta kasa ko kuka. Daga cikin gari ina jiyo ihun yara suna murnar ruwa. Bai fi awa ɗaya aka yi ana ruwan ba, kuma da ya ɗauke babu tulin, sai baƙin shaci a ƙasa.

Ban musa wa dattawa ba, Hudu. Ina roƙon Allah Ya sa a gare ka ruwan nan rahama ne, don ka cancance ta, kuma Ya ɗauke ka ba ka gani ba. Mu ne muka gani. Washegari da safe, maimakon zaman makoki, mazan Unguwar Marke suka shiga daji saran ƙaya, muka kewaye tafkin da ita, aka sa masu gadi don kada dabbobi su kutsa. Tun da aka kafa garin ba a taɓa yin haka ba.

Ya Allah, ga bawanKa Hudu ya zo gare Ka da hannun da ya gaji. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Abin da ya raba da kyakkyawar niyya Ka rubuta masa ladan niyyarsa, abin da ya kwashe da jikinsa Ka sa ya zama nauyi a mizaninsa, Ka haɗa shi da yaran nan biyu da suka riga shi a gidan Aljanna. Ni kuma da Hudu ya tambaye ni sau biyu na ba da amsa da cikakken baki ba tare da sani ba, Ka yafe mini, Ka sa shi ma ya yafe mini. Waɗanda suka san abin da ke cikin tifofin nan suka aiko mana da shi, Kai ne Ka san sunayensu da inda suke.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sakinatu, wadda ta yi shekara arba'in tana haƙuri da mijin da yake na kowa, da 'ya'yanku da jikokinku. Allah Ya ba Mardiya lafiya. An sallamo ta, tana ci tana tafiya, amma maganar da ta fara yi ta tsaya, har yau ba ta ƙara kiran sunan kowa ba. Ina yi wa Kyauta ta'aziyya, ina kuma roƙonta ta daina cewa gonarta ce ta kashe ka. Ina yi wa Almu, da gidan Liman da gidan maƙeri, da dukan mutanen Unguwar Marke da na Wurma. Ina gode wa Sista Mabel, wadda ta zo gaisuwa ta zauna cikin mata a kan tabarma tana kuka kamar mahaifinta ne ya rasu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Gobe Babbar Sallah. Jiya na je garin, na ga mata da 'yan mata a jere da jarkoki a ka, sun fito daga famfon da ke nisan tafiyar awa guda, suna tara ruwan da za a yi girkin Sallah da shi. Ta bakin tafkin hanyarsu ta bi. Ya cika fal, Hudu, har ya taɓo ƙayar, kuma ba wadda ta juya ta kalle shi.

Allah Ya jiƙanka, ɗan kawuna.

Rabe, Dutsin-Ma